Kafin allura ta taɓa shadda

Babbar riga mai aikin hannu ba daga hannu ɗaya take fitowa ba. A da sai ta ratsa ta wurin mai kaɗi, da masaƙi, da marini, da mai harhaɗa saƙin, da mai ɗinkin ado, sannan a kai ta mabuga a buge ta har ta yi ƙyalli. Yau shadda ta rage wannan doguwar hanya, amma akwai mutum guda da har yanzu ba a tsallake shi, wato mai zane. Shi ke shimfiɗa yadin, ya tsoma alƙalami a tawada, ya fitar da aska da tambari da dagi, waɗanda mai allura zai yi wata da watanni yana bi. Sau da yawa malami ne, don hannun da ya saba da allo da zayyana shi ya fi iya jan layi ya miƙe ba da ma'auni ba. Aikinsa kan ƙare a yini ɗaya ko biyu, zare ya rufe shi, wanki ya tafi da saura. Ranar Sallah kowa na yaba mai riga, wasu su tambayi wanda ya ɗinka, amma da wuya ka ji an tambayi wanda ya zana.

Hannun nan abin yabo ne. Sai dai abin da ya fi burge ni wurin wannan mutum shi ne zaman da yake yi da mai riga tun bai buɗe gidan tawada ba. A wannan zama ne ake yanke abin da za a zana, da iyakar gyara, da kuɗin kowane mataki, da ranar karɓa, da wanda zai ɗauki asara in an samu ɓarna. Rigimar da ake yi tsakanin masu sana'a da masu sa aiki, in ka bi sawunta, kusan kullum za ka tarar a nan aka shuka ta, ranar da kunya ko gaggawa ta hana a yi magana.

Ɗauki mutumin Ibohaman, a gundumar Keita ta jihar Tawa. Ko dai ya sayar da amfanin da ya noma a fadamar madatsar ruwan garin, ko kuwa ya dawo daga biɗa a Abijan ko Legas, kamar yadda Adarawa da yawa ke yi shekara da shekaru. Akwai aure a gabansa, ko naɗin sarautar wani ɗan'uwa, ko dai ya ga shekarunsa sun kai ya shiga riga ta manya. Ya sayi shadda yadi goma, ya nufi Tawa, ko Madawa, ko Ƙonni, ko ya tsallaka Sakkwato. Bayan gaisuwa, da tambayar mutan gida, da labarin damina, sai ya kwance ƙunshinsa.

"Malam, riga nake so wadda in na shiga taro za a san an yi riga."

"Madalla, Alhaji. Ta hawa ce ko ta zuwa idi?"

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka hira ce kawai. Mahayin doki kuwa bayansa jama'a suka fi gani, don haka tambarin baya ne zai ci aiki. Mai zama a zaure yana karɓar gaisuwa, ƙirjinsa ake kallo, sai a zuba ƙarfin ado a babban aljihun nan na hagu, inda askar ke gangarowa, da tambarin dama, da linzamin wuya. Babbar riga naɗe hannuwanta ake yi a kafaɗa, kuma duk adon da ya faɗa ƙarƙashin naɗin asarar zare ce da asarar ido. Shi ya sa gwani kan ce wa Alhaji ya miƙe, ya yafa masa yadin, ya sa alli ya ɗiga inda wuya zai tsaya da inda aljihu zai ƙare. Askar da ta yi wa dogo kyau, in aka kwafe ta ga gajere sai ta sauka har gwiwa.

Akwai kuma tambayar da ba a yi kai tsaye. Aska biyu da aska takwas ba matsayinsu ɗaya ba, balle malum-malum da ado ke rufe ta gaba da baya. Tun zamanin daular Sakkwato sarakuna ke ba da riga a matsayin kyauta da alamar girma, kuma har gobe mutane na karanta riga. Saurayin da zai je gaida surukansa cikin rigar da ta fi ta surukin, ya jawo wa kansa magana. Mai zane ba zai ce masa "ba ka kai ba". Sai ya ce, "Wannan kam ta yi nauyi ga mai ƙuruciya, ɗana, ga wata da za ta fi fito da kai." Yaro ya tafi da mutuncinsa, ya kuma tsira da kuɗinsa.

Yawancin masu sa aiki ba sa sanin abin da suke so sai sun ga abin da ba sa so. Gwani ya san haka, shi ya sa ba ya dogara da baki. Yana da tsofaffin takardun zane a naɗe, wataƙila da aljihun wata tsohuwar riga da aka ɓanɓare, yau kuma da hotuna a waya. Zai baje su ya yi shiru, yana kallon inda idon mutum ke komawa. In ya gane, sai ya ɗauko takarda ya zana samfuri a gaban mai riga, ba cikakke ba, jeren manyan siffofin kawai da girmansu. A nan ne yake kafa haddin da duk sauran aikin zai tsaya a kai. Muddin zane yana kan takarda, a sake shi yadda ake so. In ya hau yadi, tawada na wankuwa, amma farar shadda ba ta son yawan wanki tun ba a ɗinka ba, don haka gyara ɗaya ko biyu ne. In allura ta shiga kuwa, ƙofa ta rufe. Warware ɗinkin hannu na barin huda a jikin yadi, yana kuma cin kwanakin da ba wanda ya biya. Duk canjin da ya zo bayan nan sabuwar jinga ce da sabon kuɗi. Mai zane na faɗin wannan a fili, a gaban wani na uku, sannan ya tambaya, "Alhaji, ka gani da idonka? Mu tafi a haka?" Ba ya gamsuwa da gyaɗa kai, sai ya ji amsa.

Sai maganar kuɗi, inda kunya ta fi yi mana ɓarna. Mun saba da cewa, "Malam, ka dai yi, ma daidaita." Jimla ce mai daɗin ji wadda ta raba abokai da yawa. Mai riga na tafiya da wani adadi a ransa, mai aiki na zaune da wani, kowa na ganin na gefensa ne adalci, sai ranar karɓa a yi cirko-cirko. Shari'a ma ba ta yarda da wannan duhu ba, domin a fiƙihu sharaɗin ijara shi ne a san aikin a kuma san ladan. Gwani kan faɗi farashi ba tare da ya mai da zaman ciniki irin na bakin kasuwa ba. Zai ce ga abin da ya saba karɓa a kan irin wannan, ga kuɗin zare dabam, ga na mai ɗinki dabam. In ya yi wa mai riga yawa, hanya mafi kyau ita ce a rage aikin, a cire wani dagi, a taƙaita zagayen baya, maimakon a matse ladan a bar aikin yadda yake. Ladan da aka matse, a jikin rigar yake fitowa: ɗinki ya yi sako-sako, zare ya zama na arha.

Wurin da na fi ganin hikima shi ne raba kuɗin zane da kuɗin ɗinki. A ce an yi samfuri, an zauna sau biyu, an hau da zane kan yadi, sai mai riga ya fasa, ko ya ɗauki yadinsa da zanen a kai ya kai wa wani mai ɗinki mai rahusa. Wa zai biya mai zane wahalarsa? Wani zai ce ai ya riƙe kafin alƙalamin da aka ba shi. To, a nan akwai matsala ga mutanenmu, domin a mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a Adar da sauran ƙasar Hausa, an hana irin cinikin da ake ba da wani abu tun farko bisa sharaɗin in an fasa ya zama na mai karɓa. Littattafan fiƙihu na kiransa urbun. Imamu Malik ya kawo hanin a Muwaɗɗa, ko da yake Hambalawa sun halatta shi. Mai zanen da ya san abin da yake yi ba ya shiga wannan saɓani. Tun farko yake cewa zane aiki ne mai zaman kansa, ga ladansa, ana biya in an gama shi, ko an ci gaba da ɗinki ko ba a ci gaba ba. Ka ga abin da ya karɓa ladan aikin da ya riga ya yi ne, ba kuɗin da ya ci don an fasa ba. Mai riga ma ya sami ƴanci, yadinsa da zanensa nasa ne, ya kai inda ya ga dama. A ganina ko mai zanen alluna na shaguna, ko mai tsara katin biki a kwamfuta, ya kamata ya koyi wannan daga wurin malaman riga, domin su ne suka fi kukan an sa su sun yi samfuri uku an tafi ba ko sisi.

Fiƙihun ya kuma ɗora wa mai sana'a nauyi. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani a zaure ya ci karo da hukuncin cewa mai sana'a ne ke lamunin kayan da ya tafi da su inda mai su ba ya gani. In shadda ta ɓace a ɗakinsa, ko ta ƙone, biya ya hau kansa sai in akwai shaidar da ta wanke shi. Saboda haka idan ka ga malam na auna yadi a gabanka yana ƙirgawa da ƙarfi, yana ɗaga shi ga haske yana nuna maka wani ɗan tabo ko zaren da ya zame tun daga kanti, kada ka ji haushi. Kansa yake karewa, kai ma yana kare ka.

Lokaci shi ma sai an yanke shi da hankali. Ɗinkin hannu na riga mai nauyi watanni yake ci, yana son hasken rana, kuma masu yinsa da yawa manoma ne, da ruwa ya sauka allura sai ta jira. Azumi na kamawa kowa zai kwaso yadi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mai zanen kirki ya gwammace ya ce, "Wannan Sallar ba za ta samu ba, sai dai Babbar Sallah," da ya karɓa don kada ya ɓata wa mutum rai yau, ya zo ya ɓata masa ranar idi. Haka nan sai an faɗi hannun wa zai yi aikin. Ba laifi ba ne a ba almajirai cike filin ado, kuma a birnin Zariya mata a cikin gidaje na ɗinka riguna da yawa da ake sayarwa nesa da can. Abin da ake so shi ne mai riga ya sani. In hannun malam da kansa yake so a wuya da bakin aljihu, ya faɗa, ya biya.

Wannan damuwa ba tamu ce mu kaɗai ba. A ranar 23 ga Oktoba 1485, gidan marayu na birnin Fulorans a Italiya ya rubuta yarjejeniya da mai zanen hoto Domenico Ghirlandaio. Sharuɗɗan da ke ciki, malamin riga zai gane su nan take: a bi samfurin da aka zana a takarda, ya yi aikin da hannunsa, shuɗin fentin ya zama mai tsada na ƙimar da aka ambata, a gama cikin wata 30, lada fulorin 115, da biyan tara in an saɓa lokaci. Hoton na nan har yau a wannan gida.

Maƙeran fari na Abzinawa da ke zaune a Tawa da kewayenta suna da nasu haddin, kuma ya fi na riga tsanani. Abin wuyan nan na azurfa da aka fi sani da sunan Agadas, Tawa na da tata siffar, Madawa ma haka. Da kakin zuma ake fara ƙera shi. A lulluɓe kakin da yumɓu, a gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, a zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa, in ta huce a fasa yumɓun. Samfurin ya narke, mazubin ya fashe, babu na biyu. Don haka duk maganar da za a yi, a kan kaki ake gama ta, lokacin da ɗan yatsa ke iya ƙara faɗi ko rage tsawo. In mai sa aiki ne ya kawo azurfarsa, ko tsohon abin hannun mahaifiyarsa yake so a narkar, sai an ɗora a ma'auni a gabansa, a kuma gaya masa cewa wuta da magagari za su ci wani abu, don kada ya zo ya ga nauyi ya ragu ya yi zargi.

Kada a ɗauka duk jinga mai kyau ita ce mai yawan sharuɗɗa. Misalin da ya fi girma a jihar Tawa ya nuna wata fuskar. A 1962 dattawan ƙauyen Yama suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka ba Falke Barmu aikin, manomi ne kuma magini. Abin da suka nema kaɗan ne: ɗaki mai kusurwa huɗu da ginshiƙai, da mihrabi. Suka kuma raba nauyi, wasu na buga tubali, wasu na kai ruwa, wasu na nemo itace. Ya yi abin da aka ce bai wuce ba. A 1975 da rufin ya nemi gyara, ya sake shi da bakuna, ya ɗaga tulluwa a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 ya tayar da hasumiya huɗu a kusurwoyin, kowace da irin siffarta. A 1986 masallacin ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine, sunan Yama ya zagaya duniya.

Abin da nake karantawa a wannan tarihi shi ne, dattawan sun riƙe abin da yake nasu, wato alƙibla da sahu da yawan masu salla, suka bar wa magini abin da yake nasa. Shi kuma bai zo musu da hasumiya huɗu a ranar farko ba. Ya fara da abin da suka iya gani suka iya ɗauka, kuma kowane mataki da ya cika shi ya saya masa sararin na gaba. Shekara 20 ana wannan aiki. Da an ɗaure shi tun 1962 da cewa ga siffar ƙarshe ba ƙari ba ragi, da an sami masallaci mai kyau wanda ba wanda zai taso daga nesa don ganinsa. Sanin wurin da za a ɗaure da wurin da za a saki shi ne rabin wannan gwaninta, kuma mai sa aiki ma yana da nasa kason a ciki.

A Dandaji, a jihar Tawa ɗin dai, an ga yadda zaman shawara ke sauya aiki gaba ɗaya. Tsohon masallacin garin, wanda shi ma aikin Falke Barmu ne, ya tsufa ya kuma yi wa jama'a kaɗan. Masu tsara gini biyu, Mariam Issoufou Kamara ƴar Nijar da Yasaman Esmaili ƴar Iran, suka zauna da mutanen gari, aka tsaya a kan a gyara tsohon ya zama ɗakin karatu, a gina sabo da tubalin ƙasa a kusa da shi. Aka gama a 2018. An tsirar da tsohon ginin ne tun ana kan takarda.

Yau waya ta shigo cikin zaman. Ɗan Ibohaman da ke Abijan zai turo hoto ta WhatsApp ya ce, "Baba, irin wannan sak," ya aiko kuɗi ta kamfanin aike. Hoton waya kuwa ba ya nuna nauyin zare, ba ya bambanta aikin hannu da na inji, kuma launi kan sauya daga wannan waya zuwa waccan. Gwanayen da suka fahimci zamani sun ɗauko tsohon tsarin suka sa shi a sabon wuri. Sukan ɗora zaren a kan yadin su ɗauki hoto da rana, su tura zanen tawada kafin a fara ɗinki, su nemi amsa da murya, su ajiye saƙon. Ga mutanen da yawancinsu ba su saba rubuta yarjejeniya ba, saƙon murya ya zama shaida mai kyau, kuma ya fi tunanin ɗan'uwan da ya zauna a gefe riƙe magana.

Hoton nan na "irin wannan sak" ya kuma tayar da wata tambaya da a da ba ta cika tasowa ba: zanen na wa ne? Aska da tambari da dagi gadon kowa ne, ba mai hana wani zana su. Amma jeren da malam ya zauna ya ƙirƙiro don mutum guda, yanzu a rana ɗaya ake ɗaukar hotonsa a wurin biki, a mako guda injin ɗinki ya fitar da goma. Nijar na cikin ƙungiyar OAPI ta kare haƙƙin ƙirƙira, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, sai dai kariyar da ta fi kusa da mai zane ita ce maganar da ya yi a zaurensa. Ba shi da iko a kan baƙon da ya ɗauki hoto, amma yana da iko a kan hannunsa da takardarsa, kuma a kansu yake iya yin alkawari. Shi ya sa yana da kyau ya tambaya tun farko ko Alhaji zai damu in ya ga irin rigarsa a jikin wani. In bai damu ba, farashi ya sauka, takardar ta koma cikin naɗin malam don mai zuwa gaba. In ya damu, ana iya yarda a bar zanen ya huta Sallah ɗaya ko biyu kafin a maimaita shi. Wanda kuwa ba ya son a sake shi ko kaɗan, sai ya sayi takardar ita ma, a naɗe masa ita tare da rigar.